Gaiwar da Ta Riga Amarya Tarewa

Gara in faɗi wautata da bakina tun kafin wani ya riga ni, don a unguwarmu ba a rasa mai taya mutum tuna abin kunyarsa. Ni ne yaron da aka sa a makarantar boko ya yi aji biyu ya gudo, ba don bulala ba, ba kuma don yunwa ba, sai don tagar ajinmu tana kallon wata tsamiya da marai suka cika da sheƙa. Malam yana can yana fama da alli, ni kuwa na saki baki ina kallon yadda namijin marai yake saƙa ɗakinsa da ɗanyar ciyawa, macen ta zo ta leƙa ciki, ta juya ta yi tafiyarta, shi kuma bawan Allah ya warware ya sake sabo. Ran da malam ya tsayar da ni ya ce biyu a tara da uku nawa ne, sai na ce masa ai na ukun an rushe shi tun jiya. Daga ranar ni da boko muka yi sallama ta mutunci. Ɗan rubutun nan da kuke gani ma sai da gemu ya fito mini na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku tallafe shi, mai shi ma a karkace yake tafiya yanzu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba wani babban abu ba ne. Ruwan farko ne ya sauka kwanan baya, na dogara sandata na fito ƙofar gida ina buɗe hanci in shaƙi ƙamshin ƙasa, sai warin kwata ya tare ni, da hayaƙin janareto. Jikokina suna zaure, kowa ya dunƙule a kan waya. Na ce musu ku fito ku ga ruwa, babbansu ya ce ai sun sani, tun da safe wayar ta faɗa musu za a yi. Na koma na zauna ina tunanin Mandawarin da na sani, unguwarmu a birnin Kano, wadda in an yi ruwan farko har awaki sai sun canza tafiya, tsofaffi su fito da kujerunsu bakin ƙofa suna yi wa juna barka kamar an yi haihuwa, yara kuma mu tuɓe mu shige ƙarƙashin indararo har haƙoranmu su riƙa haɗuwa.

Mutanen waje suna ɗauka mu da muka tashi a cikin birni ba mu san komai ba sai lungu da bangon ƙasa. Ba su san kowace unguwa tana da nata ɗan dajin ba. Namu kududdufi ne a bayan gidanmu, in ka bi wani siririn lungu da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango. Kakanninmu ne suka haƙa shi ba da niyya ba. Duk gidan da ke unguwar daga cikinsa aka ɗebo ƙasarsa, saboda haka gwargwadon yadda gidaje suka yi sama haka ramin ya yi ƙasa. Da damina sai ya cika ya batse, kainuwa ta rufe rabinsa kamar an shimfiɗa koren bargo, bado ya buɗe fararen furanninsa da sassafe, rana na yin zafi ya tsuke bakinsa. Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a gefe kamar dattijon da aka bar wa jiran takalma a ƙofar masallaci, ka yi ta kallonsa har ka gaji ka ce ya yi barci, sai kawai ka ga wuya ya miƙe, kifi yana wutsil-wutsil a baki. Da la'asar sakaliya balbelu su dawo daga kiwo layi-layi, su sauka a kan durumin da ke bakin ruwan har ya koma fari fat, suna faɗan wurin kwana kamar matan da suka haɗu a rijiya. Ta can kana jin bugun masu wanki, ta nan kana jin luguden daka yana tsallako katangu, kwaɗi kuma suna gyaran murya suna jiran a yi sallar magariba su karɓi garin. Ba zan yi muku ƙarya in ce ruwan mai tsabta ne ba. Uwata ta sha dukana a kan shigarsa, kuma tana da gaskiya. Amma ban taɓa ganin wurin da sararin samaniya yake saukowa ya kwanta a tsakiyar unguwa kamar nan ba.

Aikin da aka ɗora mini a gida shi ne yanko wa ragon babanmu ciyawa. A wancan zamani in ka doshi Ƙofar Kabuga, tun ba ka kai ƙofar ba gidaje suke ƙarewa, sai gonaki a cikin ganuwa, dawa da gero sun fi mutum tsawo, ga tafasa da rai-ɗore a bakin hanya, ga wani jan ƙwaro mai laushi kamar karan-miski da ba ya fitowa sai bayan ruwa. Nakan ajiye lauje in haye badala in zauna a can ƙololuwa, ƙafafuna suna reto, aljihuna cike da magarya ko kanya, wadda dai lokacinta ya zo. Daga nan kana ganin hadari tun yana ɗan ƙarami a gabas kamar tafin hannu, kana ganin shirwa tana shawagi ba ta ko kaɗa fiffike, kana ganin shamuwa ta farko da ta iso kafin kowa a birni ya sani. Iskar da ke wurin ban sake shaƙar irinta ba. Yau in na je wajen sai in rasa ma inda nake, mota ta ƙi barin mutum ya tsallaka, badalar kuma ta zube ta zama tudun da ake zubar da shara. Ragon nan dai ya sha yunwa a hannuna. Babanmu yakan ce da baƙinsa, "Wannan yaron in ka aike shi ɗebo wuta, sai ya tsaya ganin inda hayaƙin zai nufa."

Haka na girma, aka kai ni unguwar Jakara wurin wani ƙanen babanmu na koyi dukanci. Hannuna bai yi laifi ba, ina ɗinka jaka da kube da takalmi daidai gwargwado, amma halin nan bai sake ni ba. Har aka shiga shekarar da sojoji suka ce sun gaji za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Wanda bai ga Kano a lokacin ba ba zai gane ba. Kowane lungu da tutarsa, kowace bishiya an ɗaure mata ƙyalle, motoci masu lasifika suna yawo tun safe, wa da ƙane su daina cin tuwo a kwano ɗaya saboda jam'iyya. Samarin unguwarmu duk suka zama 'yan siyasa a kwana ɗaya. Ni kuwa abin da ya dame ni daban ne, sunansa Yagana.

Gidansu yana ɗaya gefen kududdufin. Asalinsu Barebari ne, amma sun daɗe a birni har babanta ma a nan aka haife shi, malami ne mai sanyin hali da ba ya ɗaga murya. In na je zance, tun da ba ni da labarin siyasa, sai in ba ta labarin abin da na gani a bakin ruwa. Da farko na ɗauka haƙuri kawai take yi da ni, sai ran nan ina zama ta ce, "To, yau me zalɓe ya ce?" Daga nan na san na samu shiga. Matsalar ita ce Gwaggo Asabe, yayar babanta, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, kuma a gidan in ta yi magana babu mai ɗorawa. Ita tana da nata ɗan takarar, wani saurayi mai sabon babur da ke bin wani mai neman kujera, har ya gina ɗakin bulo da siminti ya rufa kwano. Da aka tambayi Yagana ta faɗi wanda take so, babanta ya ce shi ke nan, amma yaro ya gina ɗaki tukuna. Gwaggo Asabe ta aiko wa uwata da saƙo, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ranar jere da kanta za ta zo ta ga ɗakin, in bai yi mata ba, da kayan da yarinyar babu mai kwana a ciki, kuma mai babur yana nan bai yi fushi ba.

Babanmu ya yankar mini wuri a ƙuryar gida. Kuɗin siminti kam ban ma yi mafarkinsa ba, ɗakin ƙasa zan yi irin na iyaye da kakanni. Malam Tanko magini, aminin babanmu, ya ce shi zai ɗora bango ya jera azara, amma haɗa ƙasa aikina ne. Ga wanda bai sani ba, ginin ƙasa duk wahalarsa a ƙafa take. Da rani in gefen kududdufi ya bushe ya tsattsage, sai ka haƙo ƙasar, ka farfasa hogunan har su yi gari, ka zuba ruwa da busasshiyar ciyawa, ka shiga ka yi ta takawa, ka bar ta ta kwana biyu ta tsumu, ka dawo ka sake takawa, sannan a dunƙula tubali da hannu a shanya. Malam Tanko yakan ce, "Ka taka ta har ta daina yi maka gardama." A da gayya ake yi, samari su taru su taka wa ɗan'uwansu ana waƙa ana dariya. A shekarar nan kuwa na kira gayya, mutum biyu suka zo, su ma motar lasifika na wucewa suka wanke ƙafa suka bi ta. Aka bar ni ni kaɗai da tulin ƙasa.

Na taka iyakar ƙarfina, wannan kam Allah ya sani. Amma a daidai kwanakin ne waɗansu baƙin agwagin ruwa suka sauka a ɗan ruwan da ya rage a tsakiyar kududdufin, masu fito kamar yaro yana busa da baki, ban taɓa ganin irinsu ba. Yau in ce bari in duba su kaɗan, gobe in ce bari in ga ko sun tafi. Da na farga tubalina bai kai ba, ga Malam Tanko ya sa ranar fara gini. Sai na dubi hogunan nan da rana ta tsattsaga a gefen ruwa, manya-manya, masu tauri kamar dutse, na ce a raina, to ai wannan Allah ya riga ya yi tubali, mene ne na wahalar da ƙafa? Na ɗan sassaƙe su da fartanya, na shafa musu laka suka yi kama da 'yan'uwansu, na cusa su a cikin tulin. Malam Tanko idonsa ya fara rauni, da ya ji sun yi nauyi sai ya ce madalla, waɗannan na gindin bango ne. Ya jera su a gindin bangon baya, daidai inda indararo zai riƙa zuba. Ɗaki ya tashi, ya yi kyau ƙwarai, mata suka yi daɓe, na shafe cikin da farar ƙasa. Yaɓen makuba da ke hana ruwa shiga bango ne na yi wa gaba da gefe, na ce na baya sai an kwana biyu, ai ba mai zagayawa can.

Damina ta faɗi da wuri a shekarar. Makon bikin nan aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, gari ya yi sanyi, kududdufi ya fara ɗaukar ruwa, ni kuwa sai murna nake yi ina cewa auren mai albarka ne. Aka ɗaura aure da safe, da hantsi 'yan jere suka iso da kaya niƙi-niƙi, Gwaggo Asabe a gaba. Har da Kaka Falmata suka zo, uwar Gwaggo da baban Yagana, tsohuwa tukuf da aka haifa a can bakin tafki a ƙasar Barno aka kawo ta Kano tana amarya. Ita ba aiki ta zo yi ba, tabarma aka shimfiɗa mata a bakin ƙofar ɗakin ta zauna tana cin goro. Ni ina zaure, don ango ba ya shiga wurin jere. Ina jin guɗa, ina jin ƙarar kwanuka, ina jin ana cewa a tura gadon ya manne da bangon baya. Sai na ji wani abu ya yi tim, daga nan kuma shiru. Shirun mata goma a ɗaki ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Can sai ga wata yarinya ta leƙo ta ce Gwaggo tana kirana.

Na shiga na durƙusa. Ƙafar gadon ƙarfen ce ta daki gindin bangon da ya sha ruwa ya jiƙe, wani hoge ya ɓalle ya faɗo ya rabe biyu a kan sabon daɓe. A tsakiyarsa ga wata aba kamar tsohuwar jakar fata, ta yage, a ciki kuma ga gaiwa ta naɗe, wutsiyarta ta rufe kanta. Duk ɗan bakin kududdufi ya san gaiwa. Kifi ce mai kama da maciji, in ruwa zai ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ƙasa ta bushe a kanta, ta yi ta kwana a nan ba ci ba sha har damina ta dawo. Da na farfasa hogen nan kamar yadda ake yi, da tun a bakin ruwa na gan ta. Ga shi na ɗauko ta da gidanta na gina ta a cikin nawa.

Gwaggo Asabe ta nuna ta da yatsan ƙafa ta ce, "Gaya mana, wannan 'yar gidanku ce ko baƙuwa ce?"

Wata daga cikin matan ta ce wannan ba banza ba, asiri ne aka binne wa yarinya. Wata ta ce a kawo taɓarya.

"Babu wani asiri," in ji Gwaggo. "Lalaci ne. Ƙasar ce bai taka ba. Yau kifi ya fito, gobe bangon ne zai fito ya same ta a kan gado. Ku kwance gadon nan, ku mayar da kwanukan cikin buhu."

Mai hankali a nan zai faɗi ƙasa ya yi ta ba da haƙuri, ya aika a kira babansa da Malam Tanko. Na san abin da ke shirin kuɓuce mini. Amma ina durƙushen nan sai na ga bakin gaiwar ya buɗe a hankali ya rufe, ta yi wani ɗan kuka siriri kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba. Wata nawa tana cikin bangon nan a cikin duhu, tana jin ruwa yana matsowa, sai da ya kusa kai mata aka fasa ɗakinta, ga kuma mai taɓarya ta iso bakin ƙofa. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan kayan jeren ba. Na ɗauki fantekar da ke can saman jeri, sabuwa dal mai jan fure, na fita na tara ta a indararo, na dawo na tallabo gaiwar da hannu biyu na sa ta a ciki. Ta ɗan jima kamar matacciya. Sannan wutsiyar ta zame daga kanta, jikin ya warware sannu-sannu, siraran hannuwanta masu kama da zare suka fara motsi, ta ɗago hanci ta shaƙi iska ta koma. Matan nan da suke cewa asiri ne duk sai ga su sun zagaye ni suna leƙe, har da mai taɓaryar.

Ni kuma da na tashi yin magana, maimakon ban haƙuri sai na ji bakina ya ce, "Gwaggo, dubi, wallahi tana da rai."

Gwaggo ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "A cikin fantekar da na zaɓo da hannuna," ta ce, a hankali, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro.

Sai muka ji muryar Kaka Falmata daga bakin ƙofa. Tun da na fara neman jikarta take kirana angonta, irin wasan kaka da mijin jika. Ta ce, "Angona, kawo mini in gani." Na kai mata. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta shafi bayan kifin, ta faɗi wata kalma da Barbarci da ban gane ba. Ta ce, "Ina za ka kai ta?"

Na ce, "Gida, Kaka."

"To ɗaga ni, tare za mu." Ta juya wajen 'yarta. "Asabe, kada a taɓa ko cokali sai na dawo."

Haka muka fita, ana yayyafi, fanteka a hannuna na dama, tsohuwa ta rataya a na hagu, muna tafiya kamar masu rakiyar hawainiya. A bakin lungu muka ci karo da samarin unguwa sun fake a wata rumfa da tutocinsu a jiƙe. Ɗayansu, cikin waɗanda suka gudu daga gayyata, ya leƙa fantekar ya ce, "Ango, wace jam'iyya ce kuma mai alamar kifi?" Kaka ta ce masa, "Ta masu aure ce, kai ba ka isa shiga ba tukuna." Aka bushe masa da dariya, muka wuce.

A gindin durumi na tsuguna na karkata fantekar. Gaiwar ta tsaya a baki-baki kamar ba ta yarda ba, sannan ta kaɗa jiki sau ɗaya, ruwan ya ɗan yi laka, shi ke nan. Na juya in ce mu koma, sai na ga Kaka ta zauna a kan saiwar durumin, ta tuɓe takalmanta ta tsoma ƙafafu a ruwa. Ta ce tun da aka kawo ta birnin nan bangon ɗakinta yake jingine da kududdufin nan, kowace damina tana jin kwaɗinsa, amma ba ta taɓa ganinsa ba sai yau. Tana da ƙuruciya tana cikin kulle, da ta tsufa kuma ba wanda ya yi tunanin tsohuwa za ta so ganin ruwa. Ta ba ni labarin tafkin garinsu, inda ruwa yake tafiya har ya haɗu da sama, da jiragen da ake ɗaurawa da ciyawa, da yadda suke tono gaiwa da rani suna yara. Zalɓe ya sauka a hayin can, ta faɗi sunansa da harshensu, na faɗa mata da namu. Yayyafin yana huda fuskar ruwan, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. Ni dai ban taɓa ganin fuskar da ta sauya a gabana kamar tata ba.

Can ta ce, "Angona, tsakaninka da Allah, hoge nawa ka cusa a bangon nan?"

Na ce, "Kaka, ban ƙirga ba."

"Ashe da sauran 'yan biki a ciki." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta lafa sai ta ce, "Yagana ta ce mini kai ba ka da komai sai ido. Na ɗauka zaginka take yi." Ta miƙo mini hannu in ɗaga ta, kuma da ta miƙe sai wasan ya bar muryarta. "Amma Asabe ba ta yi ƙarya ba. Ido ba ya riƙe bango. Jikata ba za ta kwana a ƙarƙashin abin da ka ha'inta ba."

Da muka koma, matan suna tsaye yadda muka bar su, Gwaggo ta harɗe hannu. Kaka ta zauna a tabarmarta, ta gyara mayafi, ta yanke hukunci. Kaya ba za su koma ba, a ɗakin uwata za a ajiye su. Amarya kuma ba za ta tare ba sai an fasa gindin bangon nan an sake shi da ƙasar da aka taka. Gwaggo ta buɗe baki, Kaka ta ce, "Asabe, shekara nawa kina zuwa gaishe ni, kin taɓa cewa in zo ki nuna mini ruwan da ke bayan ɗakina?" Sai Gwaggo ta ce to ta ji, amma da sharaɗi, a gabanta za a taka ƙasar.

Kuma ta cika alkawari. Malam Tanko ya tokare azara da itatuwa, bayan ya gama wanke ni tas a gaban babanmu, muka riƙa zare hogunan ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo Asabe kuwa kullum da hantsi sai ta zo da 'yar kujerarta da lema, ta zauna tana kallona ina taka laka har gwiwa, in na tsaya ta ce, "Wancan gefen bai ji ƙafa ba." In tsuntsu ya gifta na ɗaga kai, ta ce, "Yana nan, ba zai ƙaura ba." Kowane hoge sai an fasa shi a gabanta. A cikin na kusa da ƙarshe muka sami wata gaiwar, 'yar ƙarama. Na tsaya ina kallon Gwaggo, ita ma tana kallona. Ta kau da kai ta ce, "Kai ta mana, me kake jira? Amma ba a kwanona ba."

Yagana ta tare bayan an yi yaɓe bango ya sha iska. Washegari da safe na shigo na tarar tana ƙwanƙwasa gindin bangon da ɗan yatsa, tana cewa, "Salamu alaikum, masu gida." A ɗakin nan aka haifi 'ya'yanmu duka, kuma bai taɓa ko tsagewa ba har ran da su da kansu suka rushe shi suka yi mana na bulo, wanda da bazara yake gasa mu kamar gurasa. Kaka Falmata ta ƙara damina biyu a duniya, kuma kowace damina na je na ɗauko ta mun zauna a gindin durumi. Gwaggo Asabe har ta rasu ba ta daina kirana mai kifi ba, amma ni take aika wa in an rasa mai faɗa mata ko hadarin da ya taso na ruwa ne.

Kududdufin bai mutu a rana ɗaya ba. Shara ce ta fara cin gefensa, leda ta kori kainuwa, aka sare durumin, balbelu suka sauya hanya. Daga baya aka ce sauro yake kawowa, kuma gaskiya ne, aka kawo motocin ƙasa aka cike shi, aka yanka filaye, aka malale da siminti. Yanzu shaguna ne a jere, ana sayar da kayan waya. Wata rana ni da Yagana muna dawowa daga suna, mu biyu duk mun tsufa, an ɗauke ruwa ke nan, ga shi ya taru a gaban shagunan ya rasa inda zai shiga. Sai ta tsaya. Malam take kirana, ko da yake ta fi kowa sanin iyakar karatuna. Ta ce, "Malam, da rani suka cike shi, ko?" Na ce da rani ne. Ta daɗe tana kallon simintin da ke ƙarƙashin ƙafarta, sannan ta yi mini tambayar da na sunkuya ina gyaran takalmin da ba abin da ya same shi don kada in amsa, kuma har yau ban amsa ba.

"To waɗanda ke ƙasa fa, da ba su samu wawa irinka ba? Suna nan suna jiran ruwa?"